Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kimiyya da Fasaha kan binciken jan ƙarfe a jikin ɗan Adam

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in roƙi ma'aikatarka ta tallafa wa wani fannin bincike da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, wato haɗa sinadarai masu ƙyalli da ke nuna inda jan ƙarfe yake a cikin ƙwayar halitta mai rai.

Jan ƙarfen da ke jikin baligi kusan miligiram 100 ne kacal, amma da shi ƙwayar halitta take samar da kuzari, da shi kuma sinadarin SOD1 yake kawar da gubar da aiki da oksijin ke bari. Idan gubar nan ta fi ƙarfin garkuwar ƙwayar, jan ƙarfen da ya kuɓuce yakan haɗu da haidurojin feroksaid, ɗaya daga cikin irin wannan guba, su haifar da abin da ke lalata furotin da kitse da DNA. Mai gadi ya koma ɓarawo ke nan.

Gwajin jini jimla kawai yake faɗa. Su kuwa waɗannan sinadarai masu ƙyalli, akan zuba su a kan ƙwayoyi masu rai a ƙarƙashin maikuroskop, da zarar sun kama jan ƙarfe sai wurin da yake duhu ya haskaka, mai bincike ya ga inda ƙarfen ya taru da idonsa. Christoph Fahrni ya fitar da irinsu a 2005, Christopher Chang ya biyo baya a 2006, dukansu masanan sinadarai ne a Amurka, kuma daga cikin nau'o'in jan ƙarfe biyu da ke jiki, wato Cu+ da Cu2+, nau'in Cu+ sinadaransu suke ganowa. Nau'in Cu2+ ya fi wuyar sha'ani domin shi kashe ƙyalli yake yi, alhali aikin da Chang da abokansa suka wallafa a 2022 ya nuna yana ƙaruwa a lokacin da gubar nan ta oksijin ta fi ƙarfin garkuwar ƙwaya.

A ganina, masu cutar Wilson, wadda ke tara jan ƙarfe a hanta da ƙwaƙwalwa, da yara masu cutar Menkes, wadda ke hana jiki samun isasshen jan ƙarfe, sun cancanci a fahimci ciwonsu daga tushe.

Roƙona shi ne a ware kuɗin bincike na shekaru masu yawa, wanda zai haɗa masanan sinadarai da masanan halittu a ɗakin gwaji guda, a kuma shardanta tantance kowane sabon sinadari, domin wasu sukan taru a cikin kitse su haskaka ko babu jan ƙarfe a wurin.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin kimiyyar sinadarai