A daina karɓar imel ɗin jama'a ba tare da an tantance shi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi kira ga makarantu da ƙungiyoyi da masu kafe na nan Kaduna, duk wanda dai yake cike wa mutane fom a intanet. Ku saita manhajarku ta riƙa tantance imel kafin ta karɓa.

Abin ba wuya gareshi ba. Mutum ya rubuta adireshinsa, nan take manhaja ta tura masa saƙo mai ɗauke da link ko wasu lambobi, in ya buɗe ya danna shi ke nan an san akwatin nasa ne kuma yana aiki, in bai danna ba sai a ajiye rajistar gefe. Wasu manhajojin ma suna zuwa da wannan tsarin, kunnawa kawai ake yi, amma sai a kashe shi wai don kar layi ya yi tsawo.

To ka je kafe a Kawo ko Tudun Wada lokacin rajistar JAMB ka gani, yaro na tsaye yana karanto imel ɗinsa da baki, janareta na ƙara, mai bugawa na sauri saboda mutum goma na jiransa, sai ya rubuta gmial maimakon gmail, ko ya ci lamba ɗaya. Mu kuma sunayenmu iri ɗaya ne, Abubakar da Aisha da Musa ba iyaka, kowa sai dai ya liƙa lamba a ƙarshe, kaga kenan lamba ɗaya ta kuskure saƙon ya faɗa hannun wani Abubakar ɗin daban wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, har da lambar waya da ranar haihuwar yaron. Ɗigo kam Gmail ba ya lissafa shi a cikin suna, wannan ba damuwa, lamba da harafi su ne matsalar. Wani mai kafen ma nasa imel ɗin yake sa wa kowa, ranar da yaro ya manta fasuwod sai ya dawo yana lallashi.

Su ma masu tura saƙon, asara suke yi. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu tura saƙo da yawa, Google ya ce kar ƙorafin spam, wato saƙon da mutum bai nema ba, ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, in kana ta jefa saƙo ga mutanen da ba su nema ba sai naka na gaskiyar ma su riƙa faɗawa spam.

Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ce bayanan da ka tara su zama daidai. Ina roƙon NDPC, hukumar kare bayanan jama'a ta Najeriya, ta shigo Kaduna ta wayar da kan masu kafe da Hausa, don da yawansu wallahi ba su taɓa jin labarin dokar ba.

Naku mai karatu,
daga Unguwar Sanusi, Kaduna.