Wasiƙar Makaranta ga Iyaye: Barcin Ƙarshen Dare da Karatun Yaranmu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibai,

Assalamu alaikum. Muna fata kuna lafiya, ku da iyali.

Jarrabawar ƙarshen zango ta ƙarato, malaman da ke shiga darasin farko kuma sun fara ganin abin da suka saba gani a irin wannan lokaci: yaro ya zabga tagumi, ido jajir, ana bayani yana gyangyaɗi. In an tambaye shi ya ce ya raba dare yana bita, ko an tashe shi da sauran dare ya ƙarasa hadda. Niyyar mai kyau ce, mun sani. Sai dai barcin da ake yanke masa yana da aikin da yake yi.

Barci zagayawa yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, kuma a ƙarshen kowanne akwai matakin da masana ke kira REM, wato barcin motsin ido. Duk uwar da ta taɓa tsura wa jaririnta ido yana barci ta gan shi: ƙwayar ido na kai-komo a ƙarƙashin fata, numfashi ba a daidaice ba, wani sa'in har da ɗan murmushi. A 1953 ne Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka bayyana shi a Jami'ar Chicago ta Amurka. Sun lura cewa galibin waɗanda aka tasa a daidai wannan lokaci sukan ce mafarki suke yi.

A matakin nan ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta wanda yake a farke, amma ta ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata mafarkinsa. Michel Jouvet na birnin Lyon a Faransa ya nuna haka da kyanwoyi: da aka lalata wurin da ke wannan ɗauri a gindin ƙwaƙwalwa, sai kyanwa ta miƙe cikin barci tana farautar abin da babu shi. Yaron da ya ce dannau ya danne shi ma farkawa ya yi kafin ɗaurin ya saki. A kwantar masa da hankali, yana wucewa da kansa.

To, meye amfaninsa? Jariri sabuwar haihuwa kusan rabin barcinsa wannan ne, babba kuwa kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, abin da ya sa masana da dama ke ganin yana taimakawa wajen gina ƙwaƙwalwar da ke girma. Bincike ya kuma danganta shi da zaunar da abin da aka koya da rana, da sassauta ɓacin rai, domin a lokacin ne sinadarin noradrenaline mai tayar da hankali ke sauka ƙasa sosai a ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda barcin REM yake rabuwa cikin dare. Na farkon dare gajere ne, bai fi minti 10 ba. Yana ƙara tsawo ne yayin da gari ke shirin wayewa, na ƙarshe yakan kusa awa guda. Saboda haka awa biyun da aka cire wa yaro don an tashe shi da wuri sukan faɗa ne kan wannan barci.

Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 ya samu awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ku ƙirga baya daga lokacin da yaronku ke tashi, ku tsayar masa da lokacin kwanciya. A yi bita da yamma, a karɓi waya kafin a shiga ɗaki. Idan yaro na yawan minshari, ko ya kwana sosai amma ya tashi a gajiye, a kai shi wurin likita, a kuma sanar da malamin ajinsa.

Mun gode da haɗin kanku.

Hukumar Makaranta