Wasiƙa daga Jos: Kwamfutar da ka aiko ta yi aikinta

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, kamar yadda muke a nan cikin sanyin Jos da ka gudu ka bar mu da shi. Na rubuto ne domin in sanar da kai cewa ɗiyarka ta wajena ta ci jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB, kuma bayan godiya ga Allah, kai ne na biyu, saboda tsohuwar kwamfutar da ka aiko ita ce ta kwana tana gwaji a kanta.

Sai dai labarin da ta dawo da shi daga cibiyar jarrabawar ya rage mini murna. Ka san tun shekarar 2015 hukumar ta yi watsi da takarda da fensir, komai ya koma kan kwamfuta. Ta ce yarinyar da ta zauna kusa da ita, wadda ta taho daga wani ƙauye a wajen Mangu, ranar ce ta fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, har ta riƙa ɗaga shi sama tana neman kibiyar ta motsa, alhali agogon da ke kan allon yana ta cin lokacinta. A ganina ba ilmin yarinyar aka auna ba, abin da mahaifinta ya iya saya aka auna.

Lokacin da kamfanin IBM ya fitar da tasa kwamfutar ta kan teburi a 1981, wa zai ce mana za ta zama ƙofar shiga jami'a? Ko da ta iso ofisoshinmu, ɗaki guda ake ware mata mai na'urar sanyaya wuri, a garin da mutane ke yawo da rigar sanyi, a lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya, a kuma sa kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Daga baya shagunan intanet suka cika gari, inda kake kwana kana buga wasiƙa ɗaya da yatsa ɗaya, kuma na ji har yau ba ka ƙara na biyu ba. Dattawan da ke buga takardun rantsuwa da keken rubutu a bakin kotu kuwa, kaɗan ne suka rage, domin wanda bai koyi sabuwar na'ura ba yaran da ya haifa sun karɓe masa ciniki.

Saboda haka ga roƙona. Idan wurin aikinku zai zubar da tsofaffin kwamfutoci, ka tara mana ko da biyar ne, domin mun yi magana da shugaban makarantar Islamiyyar unguwarmu ya ba mu aji ɗaya ranakun Asabar. Na zagaya shagunan titin Ahmadu Bello, amma tsadar dala ta sa ko ta hannu ta fi ƙarfin albashin malami. Ka duba masu batir mai rai, don halin wutarmu bai canja ba.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Jos