Wasiƙa Zuwa Ga Lawal Kan Sunan Baƙuwar Da Ake Jira

Rafindadi,
Katsina.

Aminina Malam Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da samarin gidan su uku. Ya karatu, ya kuma zaman Malesiya? Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya sako mu gaba. Na leƙa wajen Hajiya ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, tana nan garau, ta ce a gaishe ku, kuma tana ƙirga watannin nan fiye da yadda ku kuke ƙirgawa.

Saƙonka ya iso tare da jerin sunayen da kuka tsamo. Allah Ya raba lafiya. Ka ce likita ya ce mace ce, kuma kuna neman suna mai daɗin faɗi wanda ba kowa ke da shi ba. To, tunda ka tambaye ni, sai ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Bari in fara da abin da ka aiko. Afnan Larabci ne, ma'anarsa rassan itace, kuma kalmar tana cikin Suratur Rahman inda ake siffanta gidajen Aljanna biyu masu rassa. Ilham shi ne abin da Allah ke kimsa wa bawa a zuciya. Yasmin fure ne mai ƙamshi, asalin kalmar daga Farisa. Duk waɗannan ba laifi. Minal ne na tsaya a kai. In Manal kuke nufi, wato abin da aka nema aka samu, to madalla. Amma Minal yadda kuka rubuta shi ba suna ba ne, gutsuren magana ne, irin na cikin "minal jinnati wannas", ma'anarsa "daga", sai a jira cikon zancen. Mutanenmu sun ɗauka duk abin da aka ji a bakin mai tilawa ya isa a raɗa wa yaro, alhali a cikin Alƙur'anin nan akwai sunan Fir'auna da Hamana.

Sannan batun cewa ba kowa ke da su ba, nan kam zamanka waje ya sa labari ya wuce ka. Ka shiga kowace Islamiyya a cikin garin nan ka ƙwala kiran Afnan ko Hanan, ka ga kawuna nawa za su waiwayo. Kowa daga waya ɗaya yake kwasowa, wasu kuma daga fina-finan Indiya da na Turkiyya, shi ya sa sunan da ake wa kallon sabo bana, baɗi ya cika unguwa.

Ni a ganina kakanninmu sun fi mu iya wannan abu. Yaro suna biyu yake tashi da shi. Akwai na yanka, wanda liman ke raɗawa ran kwana bakwai a yanka rago, akwai kuma wanda matan gida ke laƙaba mashi, kuma wannan na biyun labarin zuwansa duniya yake ɗauke da shi. Ɗiyarka ma tun ba ta iso ba tana da nata. Macen da ta biyo bayan maza Kande ce, wasu su ce Delu. Da namiji ne ya biyo bayan mata, Tanko ke nan. Wanda ya biyo tagwaye Gambo. Na san maiɗakinka za ta ce Allah Ya kiyaye a kira ɗiyarta Kande, sunan tsofaffi ne. Amma ka duba, duk Bahaushen da ya ji sunan ya san yarinyar nan tana da yayye maza, ya san an daɗe ana marmarin mace a gidan. Wane suna cikin jerin naku ne zai faɗi wannan?

Na ranaku ka san su, su Ladi da Talatu da Larai da Lami da Jummai da Asabe, ba sai na ja ba. Na lokaci sun fi burge ni: Nomau da aka haifa ana tsakar noma, Marka da ta zo ruwa ya kankama, Anaruwa, Azumi, Sallau da Tasalla na ranar Idi, Yalwa da Wada na shekarar da rumbu ya cika. Cindo mai yatsa shida. Shekarau wanda ake cewa ya zarce watanninsa a ciki. Mutanen da ba su da takardar haihuwa, sai suka rubuta ta a jikin sunan.

Waɗanda suka fi taɓa mani zuciya su ne na 'ya'yan wabi. Mace ta haihu ya koma, ta sake haihuwa ya koma, har ta fara tsoron sa rai. In wani ya zo sai a ce Abarshi, ko Abarta, ko Barmani, roƙo ne ƙarara ake yi. Wani lokaci kuma a juya abin, a nuna kamar ba a damu da yaron ba: Ajuji, wato a kai shi juji, ko Ayashe, ko Bawa. Wai in an wulaƙanta shi da baki mutuwa za ta raina shi ta wuce. Malamai sun yi magana a kan wannan, camfi ne, kuma gaskiyarsu. Ba cewa nake ka sa wa ɗiyarka irinsu ba. Amma duk lokacin da na gamu da dattijo mai suna Abarshi, nakan tuna akwai wata uwa da ta binne 'ya'ya kafin shi, kuma ga shi an bar mata shi har ya yi furfura.

Abin ya daɗe. Ka tuna labarin Daura da aka ba mu tun muna firamare. Bayajida ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, ita kuma ta ba shi kuyangarta Bagwariya. Da Bagwariya ta haifi namiji sai ta sa mashi Karɓagari, da Daurama ta haifi nata ta ce Bawo, wato a dawo da garin. Ko masana tarihi sun yarda da labarin ko ba su yarda ba, ya nuna tun can Bahaushiya da suna take mayar da magana. Har gobe kishiyoyi na yi.

Kada kuma ka ɗauka ina ƙin sunan da ya zo daga nesa. Ai rabin sunayenmu baƙi ne da suka zauna. Buhari, sunan marigayi shugaban ƙasa na Daura, asalinsa nisba ce ta garin Bukhara da ke Uzbekistan a yau, inda aka haifi Imam Muhammad bin Isma'il mai littafin hadisi a shekarar 810. Tijjani daga Shehu Ahmadu Tijjani ne, wanda ya rasu a Fas ta Maroko a 1815. Dikko Fulatanci ne, ɗan fari ke nan, kamar yadda Sambo yake na biyu, amma albarkacin Sarki Muhammadu Dikko da ya riƙe Katsina daga 1906 zuwa 1944, yanzu ko ɗa na biyar sai ka ji an ce Dikko. Kai kanka Lawal, Awwal ne bakin Bahaushe ya tausasa, Muhammadu na farko a gidanku, shi ya sa ƙanenka yake Sani, mai bi mashi Salisu. Bambancin kawai, waɗanda suka ɗauko sunayen nan sun san mai sunan, sun san abin da ya sa suke so ɗansu ya yi koyi da shi.

Ta ɓangaren mata ma haka ne. Binta daga "bintu" ne, ɗiyar Manzon Allah, shi ya sa ake kiran Fatima da shi. Sadiya ta Halima ce, saboda ƙabilar Banu Sa'ad ta mai shayar da shi. Jidda ta Hauwa'u ce, kakar mutane. Kubra ta Hadiza. Kuma ka san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa mutane suna saboda ma'ana: ya mayar da Barra Zainab, ya mayar da wata mai sunan da ke nufin mai saɓo Jamila.

Ga shawarata. Sunan yanka ka sa Hadiza, ka yi wa Hajiya takwara. Maza uku ka samu a jere, ba ta taɓa cewa komai ba, amma ni da na zauna da ita na san tana jira. Kuma ka ga an huta da gardama, don ba kai ba maiɗakinka ba mai iya buɗe baki ya kira sunan Hajiya gatsau a tsakar gida, dole a nemi na alkunya. A nan sai ka bar wa uwar ɗiya fili. In ta so Ummi ko Walida, ga su nan. In Afnan ɗin ce ta kwanta mata, ba wanda zai hana. Ni dai ka sani Kande zan riƙa kiranta, kuma na san Hajiya za ta goya mani baya.

In an sauka lafiya ka bugo mani ko da tsakar dare ne. Ragon suna a nan gida ya kamata a yanka, dangi su shaida. Ka turo abin da ya sawwaƙa da wuri, ni da Sani mu shiga kasuwar Charanchi ko Mai'aduwa kafin ranar, mu haɗo da goro da dabino. Limamin unguwarku ma na yi mashi maganar.

Ka gaida maiɗakin naka da jiki, ka shafa mani kan yaran. Iyalina na gaishe ku.

Naka,
Sada