Zuwa ga Sani a Landan

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Ingila? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na saurari kiɗan fank (punk) na ƙungiyarku da ka turo mini ta WhatsApp. Mai ganga ya iya, amma jitarka ta nutse, ba a jin komai sai zuuu kamar taron ƙudan zuma. Ka murɗe maɓallin gen na amfilifayarka, wato mai ƙara wa sauti ƙazanta, har ƙarshe ne, ko ba haka ba? Mayar da shi 5 ko 6. Fank ƙazantar sauti yake so, amma irin wadda kowane bugu zai fito da haƙoransa. In gen ya yi yawa, sai bugun ya narke ya zama abu ɗaya.

Abin da zai fito da kai shi ne midil, wato maɓallin matsakaicin sauti, tsakanin bas mai kauri da tirebul mai kaifi. Kai shi 7, kada ka ji tsoro. Masu kiɗan metal ne ke rage shi, kai kuwa a nan muryar jitarka take, a nan za ta ratsa ganga. Bas ya tsaya 4, ai kuna da mai jitar bas, bar masa gonarsa. Tirebul wajen 6, maɓallin amsa-kuwwa kuma kashe shi gaba ɗaya. A jikin jitar, zaɓi fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin wayoyi, na can ƙasa kusa da inda wayoyi suka kafu, ka buɗe maɓallanta duka.

Kada ka saita kana kai kaɗai a ɗaki. Bari mai ganga ya fara, ka ja baya taku kaɗan daga lasifika, sannan ka murɗa. Abin da ya yi daɗi a ɗaki sau da yawa ɓacewa yake cikin taro.

Sauran aikin na hannun dama ne, kuma wallahi shi ya fi komai. Johnny Ramone, mai jitar ƙungiyar fank ta Ramones, tun suna kiɗa a kulob ɗin CBGB na New York a 1974, jitar Mosrite ce a hannunsa, yana bugun wayoyi ƙasa-ƙasa kawai, ba ya dawowa sama. Wannan nacin ne ƙarfin. Samu ɗan robar kaɗa wayoyi mai kauri, ka riƙe wayoyi biyu ko uku masu kauri, ka yi ta bugu ƙasa har wuyan hannu ya saba. Kaurin da kake ji kuwa a faifan ƙungiyar Sex Pistols na 1977, mai jitarsu Steve Jones ya jera jita ne bisa jita a situdiyo, da jitar Les Paul da amfilifayar Fender Twin Reverb. Maɓalli ɗaya ba zai ba ka shi ba, don haka kada ka yi saurin sayen feda, wato ƙaramar na'urar sauya sauti da ake takawa.

Ku sake ɗauka da wannan saitin ka turo mini, ina jira. Su Inna suna gaishe ka, ka gaida abokan kiɗanka.

Naka har kullum,
Habibu