Agogon Makka da Hasumiyar Tokiyo: ga abin da idona ya gani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in sa baki a wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisarmu ta Shara Mansur, nan Makka. Wasu dattawanmu sun kafe cewa in aka cire Burj Khalifa ta Dubai, babu abin da ɗan Adam ya gina da ya kai Hasumiyar Agogo ta bakin Harami tsawo. Ni sana'ata kayan gyaran mota, ita ta kai ni Japan, har na hau hasumiyar da ake kira Tokyo Skytree. Ganau ne ni, ba jiyau ba.

Agogonmu mita 601 ne, Skytree kuwa 634, an buɗe ta a 2012. Amma a yi wa dattawa adalci: tamu gini ce mai otal-otal da ake kwana a ciki, tasu kuwa turken watsa shirye-shiryen talabijin ne. Tsohuwar hasumiyarsu ta 1958, mai mita 333, dogayen benaye ne suka yi mata ƙawanya suna tare sigina, shi ya sa suka gina sabuwa.

Lif ya ɗauke mu zuwa mita 350 cikin ƙasa da minti guda, kunnena ya toshe. Akwai wani wuri da daɓen gilashi ne, kana hango titi a ƙarƙashin takalminka. Yara na tsalle a kai, ni dai hailala na yi ta yi. Ga gari ya shimfiɗu ko'ina, ido ya gaji bai ga ƙarshensa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka yi wa girgizar ƙasa tanadi. A tsakiyar hasumiyar akwai ginshiƙin kankare wanda daga sama ba a manne shi da ƙarafan waje ba. In ƙasa ta motsa, shi ya karkata nan, ƙarfe ya karkata can, sai su rage wa juna ƙarfi. Dabarar daga tsofaffin ɗakunan bautarsu na katako masu hawa biyar suka ɗauko ta. Babbar girgizar Maris 2011 ta same ta ana kan gini, ba ta yi mata wani lahani ba, alhali ta lanƙwasa kan eriyar tsohuwar. Da yaranmu masu karatun injiniya za su zauna a majalisa su yi mana bayanin irin wannan, da ya fi mana musun wa ya fi wa tsawo.

Ga 'yan'uwa 'yan kasuwa masu zuwa, kada ku ƙare kwanakinku a filin gwanjon motoci. Ku hau da safe a lokacin sanyi, lokacin da sama take tas, za ku hango Dutsen Fuji da farar ƙanƙara a kansa. Alƙibla daga can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Mu da muka saba fuskantar gabas tun a gida sai a kula.

Dattawana kuma, Allah ya ƙara muku lafiya, akwai gidan tarihi a saman Agogon nan namu da wurin hangen Harami. Bayan aikin Hajji, in cunkoso ya ragu, tikitin a wuyana.

Naku,
Wani mai kayan gyaran mota,
Shara Mansur, Makka