A Daina Ɗura Wa Shokazoba Baƙin Mai

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja kunnen masu tsohon babur, musamman 'yan acaɓa. Ni bakanike ne, kuma ba abin da ke ba ni haushi kamar ɗura wa shokazobar gaba baƙin man da aka juye daga inji. Dattinsa ne ke cinye sil, wato robar da ke hana mai yoyo. A wanke ciki, a zuba sabon mai daidai wa daida a ƙafa biyun shokazobar. Kafin a sa sabon sil, a shafa sandar shokazobar da yatsa. In tsatsa ta yi mata ƙuraje, yoyo zai dawo, man ya gangara kan birki. Robar da ke tare ƙura kuwa, don Allah samari su daina yanke ta don gayu.

Wani bakanike,
Funtuwa